Allurar da muka saba da ita ta daina ci: jabu ake sayar mana, ko cutar ce ta yi tauri?

Baban_Zariba (Gadarif):
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Akwai abin da ya hana ni barci, kuma na san a zauren nan akwai waɗanda suka fi ni sani. Shekarata 15 ina kiwon shanun nono a bayan gari, Butana da 'yan Kenana kaɗan. Duk tsawon lokacin nan, in saniya ta yi ciwon hantsa ko maraƙi ya kama zawo, kwalba guda nake ɗaukowa, wannan antibayotik mai ruwan zuma, oksitetrasaikilin, da muke kira oksi. In na yi allura, kwana biyu sai a miƙe. To yanzu wata uku ke nan saniyata mafi nono hantsarta ta kumbura gefe guda, ta yi tauri, nonon yana fitowa da gudaji. Na yi mata oksi sau huɗu. Na koma farar allurar nan ta fenisilin. Na sayi wata ta uku da mai shago ya ce ta fi ƙarfi. Shiru. Yau da safe na ga ta biyu ta fara. Ni dai abin da na ɗauka, tun da yaƙin nan ya ɓarke a nan Sudan a 2023 jabun magani ake shigo mana da shi. Ko akwai wanda ya ga irin wannan?

Ɗan_Sinnar:
Wa alaikumus salam Alhaji. Wallahi maganarka dutse. Jabu ne. Ni da idona na ga kwalba biyu, suna ɗaya, amma rubutun ɗaya yana gogewa da yatsa. Allah ya isar mana.

Mai_Saidaliyya (Kasala):
Alhaji Allah ya ba ta lafiya. Ni sayar da maganin dabbobi ce sana'ata, don haka ku ji daga bakina. Jabu akwai shi, ba zan musa ba, musamman yanzu da kaya suke shigowa ta hanyoyin da ba wanda ke dubawa. Amma akwai abin da ya fi jabu yawa: magani na gaskiya da rana ta dafa. A jikin kwalba an rubuta a ajiye ƙasa da digiri 25 ko 30. Ku je kasuwar dabbobi ranar cinta ku gani, an baje kwalabe a kan buhu, rana tana dukansu tun hantsi har la'asar, a garin da zafi ke haura 40. Oksi in ya yi duhu kamar shayin da ya kwana, mai yiwuwa ya riga ya lalace.
Sannan mu faɗi gaskiya, mutum zai zo ya ce in zuba masa si-si 10 a sirinji don saniya guda. In ce masa ba zai isa ba, ya ce abin da kuɗinsa ya kai ke nan.

Baban_Zariba:
@Mai_Saidaliyya ni ma si-si 10 nake yi. Haka mahaifina ya koya mini, kuma da yana ci.

Baitariya_Shambat:
Sannu Baba, Allah ya sawwaƙe. Ni likitar dabbobi ce, a Shambat na yi karatu, yanzu ina zaune a Kasala. Ba zan iya yanke hukunci a kan saniyar da ban taɓa da hannuna ba, amma bari in faɗi abin da ya kamata a duba.

In allura ba ta ci ba, ɗaya daga uku ne. Ko maganin ba shi da kyau, kamar yadda aka faɗa. Ko ciwon ba na bakteriya ba ne tun farko, don antibayotik bakteriya kawai yake kashewa. Ko kuma bakteriyar ce ta daina jin wannan maganin. Ciwon hantsa yawanci na bakteriya ne, saboda haka a wajenka na farko ne ko na uku, kuma suna iya haɗuwa.

Maganar si-si 10 kuwa, oksi mai dogon aiki, na kashi 20 cikin 100, awonsa si-si 1 ne ga kowane kilo 10 na nauyin dabba. Saniya mai kilo 300 si-si 30 take buƙata, a raba wuri biyu. Ka ga kashi ɗaya cikin uku kake ba ta. Wannan awon yana kashe masu rauni daga cikin ƙwayoyin cutar, ya bar masu ƙarfi. Kamar ka yi noma ka cire ciyawa mai taushi ka bar ƙiri-ƙiri: ka share masa fili ke nan, sai ya mamaye gonar. Shekara 15 ana haka a zariba guda, ba abin mamaki ba ne a wayi gari masu taurin ne suka rage.

Akwai kuma wani abu game da hantsar da ta yi wata uku tana da tauri. Ƙwayar da ta fi kawo irin wannan, wadda muke kira istaf, tana gina wa kanta ƙananan ɗakuna na mugunya a cikin naman hantsa, magani ba ya isa ciki sosai. Kuma da yawa daga cikinsu suna fitar da wani sinadari da ke datse fenisilin kafin ya yi aiki.

Makiyayin_Dindir:
Likita, ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Mu a daji ina muka ga sikelin auna saniya? Kuma ni a ganina jikin saniyar ne ya saba da maganin, kamar mai shan shayi da yawa da ba ya hana shi barci. In ka canja saniya ai allurar za ta ci.

Baitariya_Shambat:
@Makiyayin_Dindir Kawu, ba a buƙatar sikeli. Akwai tef na awon ƙirji, a zagaya shi bayan ƙafafun gaba, ya nuna nauyi kusa da daidai. Ido kuwa na sha gwada shi da makiyaya, kusan kullum ƙasa yake faɗa, don kwalba tana da tsada.
Amma maganarka ta biyu ita ce nake so a gyara, don mutane da yawa haka suka ɗauka. Ba jikin saniya ne ke sabawa ba. Ƙwayar cutar ce take canjawa. Shi ya sa abin ya fi muni: in ta tsallaka jikin wata saniyar da ba a taɓa yi wa allura ba tun haihuwarta, da taurinta za ta je. Ga shi Baba ya ce ta biyu ta fara.

Kawu_Mai_Wurno:
'Yata, Allah ya yi miki albarka. Na fahimci masu ƙarfi su rage su hayayyafa, wannan ko a gona muna gani. Abin da ban gane ba shi ne, maganin na uku da Alhaji ya saya bai taɓa yin amfani da shi ba. A ina cutar ta san shi har ta ƙi shi?

Malamin_Kimiyya (Damazin):
Baba @Kawu_Mai_Wurno, kun taɓo inda gizo yake saƙa. Ku ba ni dama, wannan darasin nake koyarwa a sakandare.

Mu mutane da dabbobi gado daga iyaye kawai muke samu. Bakteriya ba haka take ba. Ban da gadon uwa, tana iya karɓar ƙwayar halitta daga maƙwabciyarta, ko da ba danginsu ɗaya ba. A cikin jikinta akwai wasu 'yan ƙananan zobba na ƙwayoyin gado, ana kiransu filasmid. Biyu za su matso kusa, ɗaya ta miƙa wani siririn zare ta jawo 'yar'uwarta, ta kwafa mata zoben. Shi ke nan ta biyun ta samu. Ku ɗauka kamar laƙani ne irin na 'yan tauri: wanda ya mallaka yana iya rubuta wa baƙon da suka haɗu a masauki, baƙon ya tafi garinsu da shi, ya ba 'ya'yansa, ya ba wasu baƙin.

Laƙanin kuma iri-iri ne. Wani famfo yake koya wa ƙwayar ta kafa, magani yana shiga tana feso shi waje, wannan ya yi yawa a kan dangin oksi. Wani almakashi ne, irin wanda likita ta ce yana datse fenisilin. Wani kuma kamannin wurin da maganin yake kamawa yake sauyawa.

Amsar tambayarku tana nan: zobe guda yana iya ɗaukar laƙani uku, huɗu, har fiye. Duk lokacin da aka yi oksi, ƙwayar da ke da zoben ce take tsira, sauran laƙanonin da ke jikin zoben kuwa suna tsira tare da ita, ko da ba a taɓa kawo waɗancan magungunan garin ba. A Japan aka fara gane wannan, wajen 1959, a kan ƙwayar atini: sai aka ga tana ƙin magani huɗu lokaci guda, kuma aka tabbatar tana iya miƙa wannan halin ga E. coli, ƙwayar da ke zaune a hanjin kowa. Ku haɗa da cewa E. coli in ta samu yanayi mai kyau duk minti 20 take rabuwa biyu.

Kada dai in wuce gona da iri. Ba kowa da kowa ne ke musaya da sauƙi ba. 'Yan hanji irin E. coli, Salmonella da Klebsiella sun fi ba juna. Istaf na hantsa da nata dangin take harka. Amma allurar da aka yi don hantsa ai jini take bi, ta isa hanji, ta yi tankaɗe a can ma.

Kawu_Mai_Wurno:
Subhanallahi. Abin da ido ba ya gani yana da wannan dabara. Allah mai iko. Na gode Malam.

Ɗan_Sinnar:
Duk na ji, amma ku bar kare masu jabu. Me ya sa kafin yaƙi ba mu ji wannan bayanin ba?

Mai_Kaji_Madani:
@Ɗan_Sinnar mun ji shi, mu masu kaji tun kafin yaƙi muke fama. Ina da rumfa biyu ta kajin nama kusa da Madani, kafin mu bar garin a ƙarshen 2023. Ranar da 'yan tsaki suka iso, ranar muke zuba musu magani a ruwa, lafiyarsu ƙalau, wai don gajiyar hanya. Kwana biyar. A huta kaɗan, a sake wani. Akwai garin magani da ake haɗa kolistin a ciki, akwai na ruwa da ake kira enro, duka antibayotik ne. Haka na tarar ana yi, haka na yi. A shekarun farko asara kaɗan ce. Daga baya sai ya zama kowane zubi sai na canja magani sau biyu ko uku kafin kwana 35, kuma mutuwa ba ta tsaya ba. Maganin daga wakili na gaskiya nake saye, da rasit. Abin yana damuna har yau, don kajin nan mutane suka ci, kashinsu kuma masu lambu suka saya buhu-buhu suka zuba wa ganyen jarjir da tumatir.

Nas_a_Jidda:
Innalillahi. Yaya @Mai_Kaji_Madani, da ka ambaci kolistin sai da gabana ya faɗi. Ni ma'aikaciyar jinya ce a nan Jidda, a ɗakin masu tsananin ciwo. Kolistin tsohon magani ne da likitocin mutane suka ajiye shekaru da yawa saboda yana taɓa ƙoda. An dawo da shi ne don akwai majinyatan da duk sauran magunguna sun ƙi ci a jikinsu. In ka ga mun rataya shi, to an kai bango. Na tsaya a kan tsoho wanda ciwon fitsari kawai ya kawo shi, takardar gwaji ta fito, layi bayan layi ƙwayar ba ta jin komai sai abu ɗaya ko biyu. Shi ne kuma ake zuba wa 'yan tsaki masu lafiya a ruwan sha.
Ba laifinka nake gani ba Yaya, na san haka aka koya muku. Amma abin da ya ci Doma ba ya barin Awe.

Malamin_Kimiyya:
Abin da 'yar'uwa ta faɗa yana da tarihi. A ƙarshen 2015 masu bincike a ƙasar Sin suka ba da sanarwar gano wata ƙwayar halitta da suka sa wa suna mcr-1, a jikin E. coli ta aladu. Ita ce ke sa a ƙi jin kolistin, kuma a kan zoben nan take, wato mai yawo ce. Sun same ta a dabbobi, a naman kasuwa, da jikin majinyata. Da sauran ƙasashe suka buɗe tsofaffin samfuran da suka adana, sai ga ta a nahiyoyi daban-daban. Sin ta hana zuba kolistin a abincin dabbobi don ƙiba a 2017, Indiya ta hana shi ga dabbobin da ake ci a 2019.
Enro ɗin ma ba baƙo ba ne. A jikin dabba wani sashensa yana juyewa ya zama sifro, wannan da ake ba mu in an ce taifod. Amurka ta janye shi daga kaji tun 2005 saboda haka.

Inna_Mai_Rob (Gadarif):
Ni ban yi boko ba, jikata ce ke rubuta mini. Sana'ata nono, ina yin rob da zabadi, wato nono mai tsami da kindirmo, ina kaiwa kasuwa. Wata rana sai in dafa madara, in zuba iri kamar kullum, in rufe, gari ya waye tana nan tsululu ba ta kama ba. Da can cewa nake baki ne ko ido. Sai wata rana mai kawo mini ya faɗa da bakinsa cewa ya yi wa shanu biyu allura jiya. Wani kuma yaron da ke ɗauko madara daga nesa ya ce mini ana ɗiga fenisilin a cikin jarka don kada ta tsinke a hanya. To ku masu ilimi, wannan ne ke hana ta kamawa? In na tafasa sosai zai fita?

Baitariya_Shambat:
Inna, ina gaisuwa. Abin da kika lura da shi daidai ne. Irin da kike zubawa bakteriya ce mai amfani, ita ke sa nono ya yi tsami ya kama. In akwai antibayotik a madarar sai ya kashe ta. Tukunyarki ta yi aikin ɗakin gwaji. Tafasawa tana kashe ƙwayoyin cuta, kuma dole a riƙa yi, ko don bakkale da tarin fuka. Amma ba ta fitar da ragowar magani duka. Kowace kwalba tana da kwanakin da aka rubuta na jira, na nono daban na nama daban, kuma masu dogon aiki sun fi daɗewa. Akwai ma waɗanda aka rubuta kada a yi wa saniyar da ake tatsa don sha.

Baban_Zariba:
Wannan ta taɓa ni. Ni gefen da ya kumbura kawai nake zubarwa, sauran ukun ina haɗawa da na sauran shanu. Astagfirullah.

Alaramma_Singa:
Alhaji, wanda bai sani ba daban, wanda ya sani daban. Amma mai ɗiga magani a jarka da gangan ya sayar a matsayin madara tsantsa, wannan algus ne, kuma hadisi ya tabbata cewa wanda ya yi mana algus ba ya cikinmu. Ya kamata limamai su faɗa a huɗuba, musamman a garuruwan da ake tara madara.

Talaka_Bawan_Allah:
Ku yi haƙuri, zan faɗi abin da ba za ku so ba. Kowa yana ta ba makiyayi laifi. Mutumin da saniya uku ce duk dukiyarsa, ku ce ya zubar da nonon kwana da kwanaki, 'ya'yansa su ci me? Ku ce ya kai gwaji, ina? Babban ɗakin binciken cututtukan dabbobi yana Soba, a Khartum, kowa ya san abin da Khartum ta gani. Likitan dabbobin da ke zuwa ƙauyenmu rabonmu da shi tun kafin yaƙi. Rigakafi yana son sanyi, wuta babu. Abin da ya rage a hannun talaka shi ne kwalbar nan. Turawa sun yi shekara hamsin suna ɗura wa dabbobinsu magani har suka yi arziki, yanzu mu za a ce mu daina?

Malamin_Kimiyya:
@Talaka_Bawan_Allah ɗan'uwa, rabin maganarka ba mai iya musawa. Su suka fara zuba antibayotik a abinci don dabba ta yi saurin girma, tun wajen 1950. Suwidin ta hana a 1986, Tarayyar Turai gaba ɗaya sai 2006. Holan kuma ta rage abin da take ba dabbobi da fiye da rabi daga 2009, kiwonta bai rushe ba. Amma su suna da likita a kowane lungu, gaskiya ne.
Inda na saɓa da kai shi ne wa abin zai fi ci. Babban binciken da mujallar Lancet ta buga a 2022 ya ƙiyasta mutum miliyan 1.27 suka mutu a 2019 kai tsaye saboda ƙwayoyin da ba sa jin magani, kuma in aka auna da yawan jama'a, Afirka kudu da Sahara ce ta fi kowa, yammacinta a kan gaba. Mai kuɗi in oksi ya ƙi, zai sayi na gaba. Talaka in mai arha ya mutu, ba shi da na gaba. Ba duka daga dabbobi abin yake zuwa ba, asibitoci da shan kafso barkatai da mu kanmu muke yi suna da babban kaso. Amma rijiya ɗaya muke sha da dabbobin nan.

Talaka_Bawan_Allah:
Na ji Malam. Amma har yanzu ba ka faɗa mini abin da yaran za su ci ba.

Hajiya_Umm_Awlad (Makka):
Gaskiyar @Talaka_Bawan_Allah ce a nan, kada a wuce ta. In ana so mutum ya zubar da nono, sai 'yan'uwa su tallafa masa. A da a unguwarmu ta Gadarif in saniyar wani ta kwanta, maƙwabta ke aiko masa da ƙwarya. A nan Saudiyya kuma tun 2018 aka tsananta, ba ka samun antibayotik a kemis sai da takardar likita. Da farko mun yi ta ƙorafi, yanzu mun saba. Sai dai masu zuwa daga gida har yanzu da kafso a jaka suke zuwa.

Dillalin_Sawakin:
Tunda an zo maganar Saudiyya bari in sa baki. Ni tumaki nake haɗawa, Hamari da Kabbashi, ana lodawa daga Sawakin zuwa Jidda, musamman gab da aikin Hajji. Al'ada ce kafin doguwar tafiya a bi garke duka da oksi, mai tari da marar tari. Ba na jin daɗin abin amma in rago ya faɗi a mota asarar tawa ce. Waɗanda suke cikin harkar sun tuna 2020, yadda aka riƙa dawo da jirage cike da tumaki daga Jidda a kan maganar rigakafin zazzaɓin Rift Valley. Mutane sun karye a shekarar. Ina tsoron ranar da za a ce ragowar magani a nama ake aunawa da wannan tsananin.

Ɗan_Sinnar:
To yanzu marara ma za ku hana mu ke nan? Ranar Sallah ba marara ai ba a yi layya ba.

Nas_a_Jidda:
Yaya, ɗanyar hanta da huhu da tumbi ne fa. In akwai hanyar da ƙwayar hanjin rago za ta bi ta isa hanjinka ba tare da ta ga wuta ba, ita ce wannan. Kuma hanta da ƙoda nan ragowar magani ya fi taruwa. Ni dai na daina, ban hana kowa ba.

Makiyayin_Dindir:
Mu kakanninmu da bagaruwa da kanwa da sassaƙen maɗaci suka riƙe shanu daga Sakkwato har bakin kogin nan. Ba su san oksi ba. A koma can kawai.

Kawu_Mai_Wurno:
@Makiyayin_Dindir ƙanena, kanwa da bagaruwa suna da amfaninsu, har gobe ina ba wa nawa. Amma ni na ga bushiya da idona a farkon shekarun 1980. Garke guda zai kwanta cikin mako, ba sassaƙen da ba a jiƙa ba. Abin da ya kawar da ita rigakafi ne, har aka yi shelar ta ƙare a duniya a 2011. Kada mu ce komai na da ya fi.

Baitariya_Shambat:
Baba ya kawo misali mai kyau, don bushiya bairos ce, oksi ba ya taɓa ta ko an juye kwalba goma. Haka ciwon baki da kofato da ake kira abu lisan a nan. Haka annobar awaki da tumaki mai zawo da majina. Haka Gumboro da Niyukasil a kaji. Sammore kuma da wasu cututtukan da kaska ke kawowa kowanne da nasa maganin. Rabin kwalaben da na ga an ƙarar a daji, a kan ciwon da ba nasu ba aka ƙarar da su. Ciwon huhun shanu, abu ginit, bakteriya ce, amma irin wadda ba ta da bangon da fenisilin yake rushewa, don haka farar allurar nan ba ta yi mata komai.
Da kafso mai ja da ɗorawa da mata suke fasa wa kaji da 'yan awaki a ruwa, don Allah a bari. Na mutane ne, kuma ba a san awon da ake bayarwa ba.

Shugaban_Zaure:
Jama'a a dawo kan tambayar Alhaji. Mutum yana da saniya biyu a kwance. @Baitariya_Shambat me zai yi gobe da safe?

Baitariya_Shambat:
Baba, ka dakatar da allura haka nan, kada ka sayi ta huɗu da ka. Ka ware su biyun, a tatse su a ƙarshe bayan an gama da masu lafiya. Mai tatsa ya wanke hannu da sabulu tsakanin saniya da saniya, kuma tsumman nan guda da ake goge hantsar kowa da shi a jefar da shi, shi ne babban mai kai cutar. Bayan tatsa a tsoma kan nono a ruwan aidin. A kwashe kashi, a bar wurin kwanciya ya bushe. Nononsu kada ya shiga na sayarwa, kada kuma a ba maruƙa ɗanye. Ka nemi likita ya taɓa hantsar da hannunsa, in da hali a ɗebi nonon a kwalba mai tsabta a kai gwaji, ko ɗakin gwajin mutane yana iya rainon ƙwayar cutar da ke ciki ya faɗi maganin da ke ci. Ta biyun da ta fara yau tana da kyakkyawan fata. Ta farkon, wata uku da tauri, ka shirya zuciyarka: mai yiwuwa wannan gefen ya tafi.

Ɗan_Sinnar:
Ni dai har yanzu ina nan a kan bakana. A gwada kwalbar tukuna kafin a ɗora wa ƙwayar cuta.

Mai_Saidaliyya:
Wannan ma daidai ne. Alhaji ka duba lambar zubi da ranar ƙarewa, ka ga ko akwai rajistar hukumar magunguna a jiki. Ka turo hoto in duba maka.

Baban_Zariba:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa. Jiya na samu wani likita da ya yi hijira daga Khartum, ya zo ya duba. Ya ce gefen saniyar farko ya mutu, ya ba ni shawara in kitsa ta in sayar wa mahauta bayan kwanakin maganin sun fita. Ta biyun ya ɗebi nononta ya tafi da shi, ya ce kwana uku. Ya auna ta da tef, kilo 320, ni da nake ce mata 200. Tsumman na ƙone shi. Nonon nasu ina zubarwa a rami, kuma wallahi kowace safiya sai na ji shi a ƙirjina.
Amma @Ɗan_Sinnar ban saki maganarka ba. Kwalbar ta uku babu lambar zubi a jikinta ko kaɗan. Kuma sayar da saniyar nan bai kwanta mini ba, uwarta ce saniyar da na fara kiwo da ita.

Inna_Mai_Rob:
Alhaji kada ka yi gaggawar sayarwa. Ina da wadda ta shekara huɗu tana ba da nono da uku.

Baitariya_Shambat:
Inna, ana yi, in an busar da gefen gaba ɗaya kuma ana tatsar ta a ƙarshe. Amma in istaf ce, tana nan a matsayin rijiyar cutar ga sauran. A jira sakamakon ta biyun.

Kawu_Mai_Wurno:
'Yata, tambaya ta ƙarshe daga gare ni. Takin zaribar da aka yi ta allura a cikinta, in an kai gona, laƙanin nan yana bin sa?

Baitariya_Shambat:
Yana bi Baba, da ƙwayoyin da ragowar maganin, don kaso mai yawa na oksi ta fitsari da kashi yake fita. In aka tara takin ya yi zafi ya ruɓe sosai kafin a kai, yana raguwa ƙwarai. Ɗanye ne ba a so a kan ganyen da ake ci ba dafawa, ko kusa da bakin rijiya da magudanar ban ruwa.

Baban_Zariba:
To nawa wani mai lambu ya riga ya biya kuɗin mota biyu, jibi zai zo ɗauka. Zan kira shi in faɗa masa, ya ga ko zai jira. @Mai_Saidaliyya hoton kwalbar yana zuwa bayan magariba in an kawo wuta, wayar ta kusa mutuwa.